Darasi: Canza Makunnin Fitilun Gaba a Tsohuwar Mota

A motocin zamani, makunnin fitilun gaba umarni kawai yake bayarwa. Direba ya murɗa shi, shi kuma ya aika 'yar ƙaramar wuta zuwa rilai ko kwamfutar mota, su ne suke ɗaukar nauyin kunna fitilun. A yawancin motocin da aka ƙera daga shekarun 1950 zuwa na 1970 ba haka abin yake ba. Duk wutar da fitilun gaba da na baya da na dashbod suke ja, ta cikin makunnin take ratsawa, ta kan wasu ƙananan ƙarafan tagulla da ba su kai faɗin farce ba. Shi ya sa makunnin tsohuwar mota yake yin zafi, yake cinyewa, wata rana kuma ya mutu da direba tsakiyar hanya cikin dare. Canza shi aiki ne da mai mota zai iya yi da kansa idan ya natsu, amma kwancewa da ɗaurawa su ne mafi sauƙin ɓangaren aikin. Inda ake yawan faɗuwa shi ne wajen tabbatar da cewa makunnin ne ya lalace, da gano abin da ya lalata shi.

Motar da aka ɗauka misali

An zaɓi Volkswagen Beetle saboda wayarinta ba shi da yawa, kuma kowace waya tana da lamba da launi sanannu. Mota ce ta Jamus wadda aka ƙera fiye da miliyan 21, ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a Meziko a watan Yulin 2003. An harhaɗa ta a Legas ma daga shekarar 1975. Injinta a baya yake, but ɗinta a gaba, batir kuma yana ƙarƙashin kujerar baya ta ɓangaren dama. A yawancin samfura, wayoyin dashbod duka ta cikin but ake isa gare su, bayan an cire wani kwali da ya rufe su. Tankin mai ma a cikin wannan but ɗin yake, kusa da inda za a sa hannu, don haka tartsatsi a wurin ba abin wasa ba ne.

Tsofaffinta na farko batir mai bolt 6 gare su. Daga wajen 1967 aka fara komawa bolt 12, ko da yake ba a dukkan samfura lokaci guda ba. Kafin a taɓa komai a duba batirin a san wanne ne, domin da yawa daga masu bolt 6 an riga an mayar da su 12 a hannun masu su na baya.

Abin da ke cikin makunnin

Makunnin yawancin Beetle na ja ne. Yana da ɗan kai da ke fitowa a fuskar dashbod, da sanda da ta shige cikin jikinsa. Ja na farko yana kunna fitilun fakin, da jajayen fitilun baya, da fitilar lamba, da hasken agogon gudu. Ja na biyu yana ƙara manyan fitilun gaba. Idan aka murɗa kan kuma, hasken agogo ne yake ƙaruwa ko ya ragu, saboda akwai wata siririyar waya naɗaɗɗiya a ciki da take rage wa wutar ƙarfi. A cikin jikin, sandar tana jan wani ɗan faranti mai tagulla, sifirin yana danna shi a kan ƙarafan da ke manne. Inda tagulla ta haɗu da tagulla, nan wuta take wucewa.

A bayan makunnin akwai ƙafafu da ake cusa wayoyi, kowace da lambarta a rubuce a jiki. Lambobin ba na Volkswagen kaɗai ba ne, tsari ne na Jamus da ake kira DIN 72552, kuma za a same su a tsofaffin Mercedes da Opel da BMW. Wanda ya haddace su ya huta da tambaya. Lamba 30 ita ce wutar batir kai tsaye, wadda ba ta ɗaukewa ko an zare makullin mota, wayarta ja ce mai kauri. Lamba 56 ita ce mai fita zuwa manyan fitilu, fara ce mai ratsin baƙi. Lamba 58 tana ciyar da fitilun fakin da na baya, launinta ruwan toka. Lamba 58b ta hasken agogo ce, ruwan toka mai ratsin ja. A wasu makunnan akwai 57, ta fitilun fakin na gaba. Daga samfurin 1971 aka ƙara wata ƙafa mai harafin X, wayarta baƙa mai ratsin rawaya, tana zuwa daga makunnin tada mota. Aikinta shi ne kada manyan fitilu su kama sai an buɗe makulli, kuma su ɗauke na ɗan lokacin da ake tada inji domin sitata ta sami cikakkiyar wuta.

Wayar 56 ba ta zarcewa ga fitilu kai tsaye. Sai ta fara biyawa ta abin da ke raba dim da ful. A motocin da suka girmi 1966 wannan maɓalli ne a ƙasa da ake takawa da ƙafar hagu, a na baya kuma rilai ne da ake sarrafa shi da sandar sigina. Daga nan wayoyi biyu suke fita: 56a fara, ta ful, da 56b rawaya, ta dim. Kowace ta shiga akwatin fis ta rabu hagu da dama. Waya mai ruwan ƙasa, lamba 31, atin ce, wato hanyar da wuta take komawa ta ƙarfen jikin mota.

Akwai abu biyu a wannan tsari da dole a riƙe su. Na farko, fis-fis ɗin fitilun suna bayan makunni ne, ba gabansa ba, saboda haka babu fis ɗin da yake kare makunnin ko jar wayar da take shigarsa. Idan ta taɓa ƙarfen mota, babu abin da zai tsinke sai ita kanta ta yi ja ta narke. Na biyu, a Beetle na shekarun 1960 ƙafar 30 mahaɗa ce: babbar jar waya daga baya nan take sauka, daga nan wasu su tashi zuwa makunnin tada mota da akwatin fis. Ke nan saku-sakun haɗi a wannan ƙafa ɗaya yana iya kashe motar gaba ɗaya, har mutum ya yi ta zargin batir ko sitata.

Abin da ke kashe makunni

Lissafin mai sauƙi ne. Idan aka raba wat da bolt, abin da ya fito shi ne amfiya, wato yawan wutar da ke gudana. Ƙwan fitila irin H4 yana cin wat 55 a dim, 60 a ful. Guda biyu a ful wat 120 ne, a raba da 12, amfiya 10 ke nan. A ƙara ƙananan fitilu, a sami kusan amfiya biyu da rabi a kai. Mota mai bolt 6 kuwa, ko da ƙwayayenta masu wat 45 ne, guda biyu suna jan amfiya 15. Wannan ne dalilin da ya sa masu bolt 6 suka fi saurin nuna matsala da zarar haɗi ya yi datti.

Duk lokacin da aka kunna ko aka kashe, ɗan tartsatsi yana tashi tsakanin ƙarafan, ya bar tabo. Shekaru suna tafiya, tabo yana taruwa, man da aka shafa a masana'anta ya bushe ya haɗu da ƙura ya zama dauɗa mai tauri, tagullar ta yi kore. Wuta ta soma shan wahalar wucewa, kuma duk abin da ta rasa a wurin zafi yake zama. Idan bolt ɗaya ya ɓace a cikin makunni alhali amfiya 10 tana wucewa, wat 10 ne na zafi a cikin ɗan abin da bai kai akwatin ashana biyu ba. Zafin ya sassauta sifirin, ya sa bakin wayar ya buɗe, haɗin ya ƙara lalacewa, zafin ya ƙaru. Haka abin yake cin kansa har roba ta narke.

Hasken ma yana raguwa fiye da yadda ake zato. Ƙwai mai zare idan ya rasa kashi 10 cikin ɗari na wutarsa, kusan kashi 30 na haskensa yake tafiya. Direba ya ga fitilarsa ta yi ja-ja-ja, sai ya nufi kasuwa ya sayo ƙwai mai wat 100 da 90. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane halaka makunni. Guda biyu a ful suna jan fiye da amfiya 16 ta cikin ƙarafan da dama sun gaza ɗaukar 10. Hasken da aka nema ba ya samuwa sosai, makunni kuma kwanansa ya ƙare. Haka nan masu jona fitilun hazo ko rediyo a kan ƙafar 56 ko 58 don ita ce ta fi kusa da hannu.

Gano mai laifi kafin a sayi sabo

Alamomin da ke nuna makunni sanannu ne: kansa ya yi zafi bayan 'yar tafiya, ana jin ƙaurin roba daga dashbod, fitilu suna ƙiftawa idan an girgiza sandar, ko sai an ja an ɗan mayar kafin su kama. Amma mutuwar fitila kaɗai ba hujja ba ce, kuma tsarin wayarin da aka bayyana a sama yana rage zato sosai.

Idan fitila ɗaya ce ta mutu, ɗayar tana ci, makunni ba shi da laifi, domin waya ɗaya yake ba su duka biyu. A duba ƙwan, da fis ɗin wannan ɓangare, da atin ɗinsa. Idan dim ya mutu hagu da dama amma ful yana kamawa, ko akasin haka, wutar ta riga ta wuce makunni lafiya, matsalar tana wajen maɓallin ƙafa ko rilai mai raba su. Idan ful da dim duka sun mutu alhali fitilun fakin suna ci, to zargi ya faɗa kan abu uku: makunnin, ko mai raba dim da ful, ko wayar X a motar da take da ita. Idan kuwa komai ya ɗauke har mota ba ta tashi, a fara da kan batir da jar wayar 30.

Fis ɗin Beetle irin na tangaran ne mai tsini a kai biyu, fari amfiya 8, ja amfiya 16. Sau da yawa zaren bai tsinke ba, tsatsa ce ta hau tsinin. Juya shi a mazauninsa sau biyu ko uku yakan dawo da fitila. Gwaji ne na ɗan lokaci kaɗan, kuma ya kamata a yi shi kafin komai.

Daga nan sai testa, wato ɗan ƙwai mai waya da tsinke. A maƙala wayar a ƙarfen mota mai tsabta, a taɓa tsinken a ƙafar 30: dole ya kama ko da makulli a zare. A ja makunni sau ɗaya a taɓa 58. A ja na biyu a taɓa 56, idan mai X ce a buɗe makulli tukuna, a kuma tabbatar X ɗin kanta tana da wuta. Wuta ta shiga ba ta fita ba, makunni ya mutu. Babu wuta a X, laifin makunnin tada mota ne, kuma sabon makunnin fitila ba zai gyara komai ba.

Testa tana da iyaka. Ɗan ƙwanta ba ya jan wutar kirki, don haka yana iya kamawa tas ta cikin haɗin da ba zai iya ɗaukar manyan fitilu ba. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na mitar auna wuta. A saita ta a ma'aunin bolt na wutar batir, a kunna manyan fitilu, a ɗora tsinke ɗaya a ƙafar da wuta take shiga, ɗaya a 56. Abin da mitar ta nuna shi ne abin da yake ɓacewa a cikin makunnin. Lafiyayye ba ya wuce bolt 0.1 zuwa 0.2. Idan ya haura rabin bolt, ya gaji, ko da fitilun suna ci. A yi hattara da tsinken mita a wannan matsattsen wuri, kada ya haɗa ƙafar 30 da ƙarfen dashbod. Naɗe tsinken da salatif a bar ɗan bakinsa kaɗai dabara ce mai kyau.

Sayen makunni

A tafi kasuwa da tsohon a hannu, ko da hotonsa da ke nuna ƙafafun, da kuma lambar da ke jikinsa. Makunnan Beetle suna kama da juna a ido amma sun bambanta a yawan ƙafafu, da tsawon sanda, da zaren da kai yake hawa. Mai X da marar X ba sa maye gurbin juna sai an sauya wayarin. Na asali ɗan hannu wanda bai ƙone ba sau da yawa ya fi sabo mai araha, saboda tagullarsa ta fi kauri. A girgiza ƙafafun da yatsa, wadda take motsi a mazauninta za ta yi zafi. A ja sandar a ji ko tana tsayawa daram a kowane mataki. Idan da mita a aljihu, a gwada haɗuwar ƙafafun nan take a gaban mai shago.

Kwancewa da ɗaurawa

Kayan aikin ba su da yawa: sifana ta kan batir, sukudireba, filaya mai tsini, salatif na takarda da biro, samfefa mai laushi, sabbin bakunan waya masu faɗin milimita 6.3 da filayar matse su, da tocila.

A ɗaga kujerar baya a cire kan batir mai alamar ragi, wanda igiyarsa take ɗaure a jikin mota, a kautar da shi inda ba zai koma ya taɓa ba. Shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa ƙarshe. Dalili kuwa, idan sifana tana kan wannan ɓangare ta goga ƙarfen mota babu abin da zai faru, amma a ɗaya ɓangaren tartsatsi ne da ƙuna. A cire zobe da agogon ƙarfe. Tun da an ɗaga kujerar, a duba ko murfin da ke rufe kan batir mai alamar tarawa yana nan: sifirin ɗin kujerar ƙarfe ne, mutum mai nauyi ya zauna yana iya danna shi ya haɗa kawunan biyu, kuma wannan sanannen sanadin gobara ne a Beetle.

A buɗe but, a cire kwalin bayan dashbod, a haska makunnin. Kafin a zare ko waya ɗaya, a ɗauki hoto da wayar hannu daga kusurwa biyu, sannan a naɗa wa kowace waya ɗan salatif a rubuta lambar ƙafar da take kai. Kada a dogara da launi kaɗai. Motar da ta shekara hamsin ta ratsa hannun riwaya da yawa, wani ya ƙara tsawon ja da shuɗiya, wani ya yi faci da abin da ya samu, ga zafi da ƙura sun mayar da fari da ruwan toka launi ɗaya. Kada kuma a dogara da jerin ƙafafu, domin sabon makunni yana iya jera su dabam da tsohon. Lamba ita ce abin bi.

A koma cikin mota, a murɗa kan makunnin hagu har ya fita daga sanda. A ƙarƙashinsa akwai zobe mai zare da ya matse makunnin a jikin dashbod, yana da 'yan ramuka ko tsagu biyu. Akwai ƙarfe na musamman na kwance shi, amma filaya mai tsini biyu tana yi idan aka bi a hankali. A liƙa salatif kewaye da zoben kafin a fara, don kada filaya ta zame ta karce fenti. Masu dukan zoben da sukudireba da guduma su ne suke barin dashbod da tabon da ba ya gyaruwa. Zobe ya fita, sai a zaro makunnin ta cikin but.

Hanya mafi aminci ita ce a riƙe sabon kusa da tsohon, a riƙa ɗauke waya ɗaya-ɗaya daga wannan ana sa wa wancan. A kama bakin ƙarfen da filaya a girgiza a ja, ba wayar ake ja ba. A nan ne ake tsayawa a duba kowane baki da kyau, domin rabin gyaran a nan yake. Bakin da ya shiga ƙafa ba tare da an danna da ƙarfi ba ya saki, a matse leɓɓansa kaɗan da filaya. Wanda ya yi baƙi ko shuɗi-shuɗi ya sha wuta, ƙarfensa ya mutu, ba zai sake riƙewa ba ko an matse shi. A yanke shi, a feƙe robar wayar. Idan zaren jan ƙarfen da ya bayyana baƙi ne, ko robar tana farfashewa a hannu, a ci gaba da yankewa har a kai inda zaren yake ƙyalli, sannan a matse sabon baki a ja shi da hannu a ga ko zai zare. Idan wayar ta gajarce, a ƙara mata da waya mai kaurinta ko fiye, a haɗa da dalma ko mahaɗin matsewa. Murɗa zare biyu da yatsa a naɗe da baƙin salatif ba haɗi ba ne a wayar da take ɗaukar amfiya 10. Sabon makunni da aka cusa wa ƙonannen baki zai bi sawun tsohon cikin ɗan lokaci, sai a ce kayan yanzu ba su da ƙarko.

A tsofaffin motoci sosai wayoyin da ƙananan kusoshi ake ɗaure su maimakon cusawa. Ƙa'idar ɗaya ce, sai dai a tabbatar babu silin zare da ya fito ya nufi maƙwabciyar ƙafa.

A mayar da makunnin raminsa, a daidaita shi ya zauna yadda tsohon ya zauna, a ɗaura zoben da hannu tukuna don kada zaren ya hau karkace, sannan a ƙarasa da filaya daidai yadda jikin ba zai juya ba idan an murɗa kai. A duba ta cikin but cewa babu ƙafar da take kusa da ƙarfe, kuma wayoyin ba su shiga hanyar hannuwan waifa ba, domin a nan kusa suke kai da komo.

Gwaji

Lokacin mayar da kan batir, a tabbatar komai a kashe yake, ƙofofi a rufe ko fitilar ciki a kashe, sannan a ɗan taɓa kan a jikin sandar batir kafin a ɗaura. Babban tartsatsi yana nufin akwai wayar da ta taɓa jiki ko ta hau ƙafar da ba tata ba, sai a janye a koma a duba. Idan shiru ne a ɗaura. A gwada ja na farko a zagaya motar, gaba da baya da fitilar lamba. A gwada na biyu, dim da ful, da shuɗin ɗigon da ke cikin agogo. A murɗa kai a ga hasken agogo yana sauyawa. A tada inji a kashe, don tabbatar da wayoyin 30 sun koma daidai. Sannan a bar fitilu a kunne kamar minti goma inji yana aiki, a taɓa jikin makunnin da bakunan wayoyi. Ɗumi kaɗan ba komai, zafin da yatsa ba zai jure ba yana nufin akwai sauran aiki. A maimaita gwajin mita kafin a mayar da kwali.

Sauke wa makunni nauyi

Wanda yake son makunninsa ya daɗe, ko yake amfani da ƙwayaye masu cin wuta fiye da na asali, sai ya sa rilai. Rilai na gama-gari ƙafa huɗu gare shi: 85 da 86 na ɗan naɗin da ke jan haɗin, 30 da 87 na babbar wuta. Hanya mai sauƙi ita ce a zare wayar 56 daga makunni a kai ta ƙafar 87, a ja sabuwar siririyar waya daga 56 ɗin makunni zuwa 86, a kai 85 atin, sannan a kawo wa 30 wuta da waya mai kauri daga babbar jar waya, da fis a kusa da inda aka ɗebo ta. Daga nan abin da yake ratsa makunni don manyan fitilu bai kai rubu'in amfiya ba. Aibin wannan hanya shi ne rilai ɗaya ko fis ɗaya ya mutu, ful da dim sun tafi tare. Rilai biyu, ɗaya a farar waya ɗaya a rawaya, kowane da fis ɗinsa, ya fi tsada da aiki amma ya fi dacewa da mai tafiyar dare. Masu son mota ta zauna yadda ta fito daga masana'anta sukan ɓoye rilai a bayan kwalin, kuma ana iya cire shi ba tare da an yanke waya ko ɗaya ba. A tuna rilai ma akwai na bolt 6 da na 12.

Sauran tsofaffin motoci

Hanyar bincike ba ta sauyawa, yadda ake kwancewa ne ya bambanta. Beetle samfurin 1303 mai lanƙwasasshen gilashin gaba makunninta na dannawa ne, ta fuskar dashbod ake ɓamɓaro shi. A Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, makunnin sanda ne a wuyan sitiyari, sai an kwance murfin wuyan ake isa gare shi, kuma lambobin wayoyinta ba irin na Jamus ba ne. Motocin Amurka na shekarun 1960 da 1970 makunnin ja gare su, amma kan ba ya murɗuwa ya fita: ana jan sandar har ƙarshe, a danna wani ɗan maɓalli mai sifirin a jikin makunnin ta ƙarƙashin dashbod, kai da sanda su zare tare. Da yawansu suna da abin katse wuta a ciki wanda yake buɗewa idan ya yi zafi ya rufe idan ya huce, shi ya sa fitilunsu suke ɗaukewa su dawo da kansu. Wasu tsofaffin motocin Ingila kuma kan batir mai alamar tarawa ne yake ɗaure a jiki. A irinsu shi ake fara cirewa, domin ƙa'idar ita ce a fara da wanda yake jone da jikin mota.

Saitin haske

Canza makunni ba ya taɓa saitin fitila, amma fitilar da ta dawo da cikakken haskenta tana tona karkacewar da duhunta ya ɓoye, ta riƙa kashe wa masu tahowa ido. A tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, tayoyi da iskarsu daidai. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa a yi alama a bango. A kunna dim: layin da ya raba haske da duhu ya kamata ya faɗo kamar santimita 10 ƙasa da alamar. Ana gyara shi da kusoshin saiti da ke bakin fitilar. A lura kuma da gefen da hasken ya ɗaga. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, don haka motar da aka shigo da ita kafin nan, ko aka kawo ta daga Ingila, tana iya zuwa da gilashin fitila mai ɗaga haske ta hagu, wato daidai fuskar direban da ke tahowa. Irin wannan kusoshin saiti ba sa gyara shi, gilashin ake canzawa.